Yadda zaka zaga garuruwa da kwarurukan arewacin Fakistan, daga Gilgit zuwa Hunza da Skardu

Yankin Gilgit-Baltistan da ke arewacin Fakistan nan ne manyan jerin tsaunuka uku suka haɗu, Himalaya da Karakoram da Hindu Kush, kuma cikin tsaunuka 14 na duniya da tsayinsu ya haura mita 8,000 guda biyar suna nan, har da K2 mai mita 8,611 wanda Everest kaɗai ya fi shi. Hawan waɗannan kam aikin wasu ne, masu igiya da ƙugiya da taurin rai. Ni maganar garuruwa da kwarurukan da ke gindin duwatsun zan yi, inda mutum da ƙafarsa da 'yar jakarsa zai je ya kwana ya ci abinci ya ba idonsa haƙƙinsa.

Abin da ke kada mutane a tafiyar nan zumuɗi ne. Mutum zai buɗe taswira a waya yaga ai wuraren duk kusa suke da juna, sai ya jera wuri bakwai cikin kwana biyar, ya manta cewa kilomita ɗari a can ba irin kilomita ɗarin da ya sani bane, kuma jikin ɗan adam yana da nasa lissafin game da tsayi. Shi yasa na jera matakan nan yadda zaka riƙa hawa sannu a hankali, kuma ko hanya ta toshe maka wata rana tsarin ba zai rushe gaba ɗaya ba.

Mataki na farko: zaɓi wata

Ƙarshen Maris zuwa Afrilu lokacin furanni ne, itatuwan khubani (ɗan itacen da Bature ke kira apricot) da ceri duk su yi fari da ruwan hoda a kwarin Hunza, sai dai akwai sanyi sosai da dare kuma manyan hanyoyin sama irin su Babusar da Deosai a rufe suke da dusar ƙanƙara. Yuni zuwa Satumba komai a buɗe yake, amma Yuli da Agusta lokacin hutun 'yan ƙasar ne, mutanen Lahore da Karachi suna gudo wa zafi su cika ko'ina, ɗaki yayi tsada, ga ruwan damina da ke zaftaro ƙasa a ɓangaren hanyar da ke kudu. In ni za'a tambaya, tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba yafi, ganye ya koma ruwan ɗorawa da ja, sama tayi garau, cunkoso ya ragu. Hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, masaukai da yawa rufewa suke, ruwa ya daskare a famfo, wuta ta zama sai an ga dama. Bana ba sabon zuwa shawarar sa.

Ka duba kalandar Musulunci ma. Gilgit da Skardu da Nagar akwai 'yan Shi'a da yawa, ranakun Ashura da Arba'in ana rufe tituna saboda jerin gwano, wani lokacin har layin waya a ɗauke, don haka kar ka ɗora ranar doguwar tafiya a kansu.

Mataki na biyu: takardu, kuɗi, layin waya

Biza ta intanet ake nema, a shafin gwamnatin Fakistan, kuma sharuɗɗa suna canzawa gwargwadon fasfon da kake riƙe da shi, saboda haka ka karanta na lokacin da kake nema. Garuruwan da zan lissafa bizar yawon buɗe ido ta wadatar. Wuraren da ke kusa da iyakar da ake taƙaddama a kanta da Indiya, da doguwar tafiyar ƙafa zuwa gindin K2, su ne ke buƙatar izini na daban ta hannun kamfanin da ke da lasisi.

Ga wani ƙaramin abu mai ceton lokaci: kayi fotokwafin shafin fasfo da na biza da yawa, goma sha wani abu ba suyi yawa ba. A hanya akwai shingayen 'yan sanda inda ake rajistar baƙi, in kana da kwafi miƙawa kawai zakayi a wuce, in babu sai ka sauko a buɗe ƙaton littafi a fara rubuta sunanka da lambar fasfo da hannu, fasinjoji duka suna zaune suna jiranka.

Sunan kuɗinsu rupee, kuma ka ɗebi tsabarsa tun daga Islamabad. Akwai na'urar cire kuɗi a Gilgit da Aliabad da Skardu amma ba kullum take karɓar katin waje ba, ƙauyuka kuwa kar ma ka sa rai. Ka nemi ƙananan takardu saboda direban jif da mai shayi basu cika samun canji ba. Layin waya da yafi aiki a yankin shi ne SCOM, ana saye a ofishinsu da fasfo, layin da ka saya a Islamabad zai iya aiki cikin gari ya mutu da zarar ka fita. Ka sauke taswira a wayarka tun kana da intanet mai kyau, ka riƙe fawa bank, kaya kuma masu hawa-hawa: 'yar shara, suwaita, sai jaket mai tare iska, saboda rana ɗaya zaka iya yin zufa da azahar ka kwana kana karkarwa.

Mataki na uku: jirgi ko mota

Daga Islamabad jirgi bai fi kamar awa ɗaya ba zuwa Gilgit ko Skardu. Na Gilgit ƙaramin jirgi ne mai farfela, yana bi ta tsakanin duwatsu da ido, gajimare kaɗan ya taru sai a soke tashi, kuma ana sokewa sosai. Na Skardu filin ya fi girma, manyan jirage na sauka, ya ɗan fi tabbas duk da shima yanayi na taɓa shi. In Allah yasa ka samu, ka nemi kujerar taga ta dama wajen tafiya, ta nan Nanga Parbat ke bayyana.

Ta mota hanya biyu ce. Akwai babban titin Karakoram, wanda Fakistan da Sin suka gina tare aka kammala 1979, yana bi ta Besham da Dasu da Chilas a gefen kogin Indus, a buɗe yake duk shekara amma doguwar tafiya ce, awa goma sha wani abu har zuwa ashirin in an samu tsaiko, kuma aikin madatsun ruwa na Dasu da Diamer-Bhasha yana ƙara ɓata lokaci. Bas ɗin kamfanin sufuri na NATCO daga Rawalpindi ta nan yake bi. Ɗaya hanyar ita ce ta kwarin Kaghan, ka kwana a Naran, washegari ka haye mashigar Babusar mai mita 4,173 ka gangaro Chilas. Ta fi gajarta ta fi kyau, kore shar da rafuka, amma sai wajen Yuni zuwa Oktoba take buɗewa. A saman Babusar kar ka daɗe, jikinka bai saba ba tukuna, ka sha shayi ka ɗauki hoto ka gangara. Naran kanta gaskiya hayaniya ce da otal-otal a cunkushe, wurin kwana ne kawai, sai dai in kana son ganin tafkin Saiful Muluk da ke samanta, wanda ake hawa da jif.

Shawarata, ka tafi ta mota ka dawo ta jirgi in ya samu. Tafiyar mota ita ke gabatar da kai ga wurin a hankali. In kuna da yawa ku ɗauki hayar mota da direba ɗan yankin, kar ka ce zaka tuƙa da kanka, ta hagu suke tuƙi, kwanoni ne masu kaifi, ga manyan motocin kaya masu ado da ƙararrawa suna fitowa ba sallama. Kuma duk yadda direba ya matsa kar ku yarda da tafiyar dare.

Kafin ka isa Gilgit, kusa da Jaglot, akwai wurin tsayawa a bakin titi inda kogin Gilgit ke shiga Indus, nan ne aka sa alamar haɗuwar tsaunukan uku. Minti goma ya isa.

Mataki na huɗu: Gilgit, kwana ɗaya

Gilgit tana kusan mita 1,500, ita ce hedikwatar yankin, gari ne na kasuwa da ofisoshi da sojoji. Ba sai ka daɗe ba. Nan zaka sayi layi, ka ƙara kuɗi, ka huta gajiya. In da sauran yamma kaje Kargah kaga siffar Buddha da aka sassaƙa a jikin dutse tun zamanin da addinin Buddha ke yankin, ko ka tsallaka Danyor inda maƙabartar ma'aikatan Sin da suka mutu wajen gina titin take. Ɗaruruwan mutane ne suka rasa rayukansu a aikin nan, yawanci 'yan Fakistan, in ka ga inda aka fasa dutse aka bi da titin ba zakayi mamaki ba. Kwarin Naltar mai dazuzzuka da tafkuna masu launi yana nan kusa ga mai lokaci, amma in kwanakinka ƙididdigaggu ne ka ajiye su don gaba.

Mataki na biyar: Hunza ta tsakiya, nan zaka zauna

Daga Gilgit zuwa Karimabad kusan kilomita 100 ne, titi mai kyau, awa biyu zuwa uku. A Ghulmet, ɓangaren Nagar, akwai wurin shan shayi da ke daidai gindin Rakaposhi, dutse mai mita 7,788. Wannan wuri kar ka bari direba ya wuce shi. Kana zaune a bakin rafi, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin kujerarka daga ƙanƙarar dutsen yake gangarowa, ka ɗaga kai har wuya ya ƙage baka gama ganin farin bangon ba.

Karimabad tana wajen mita 2,500, kuma wannan tsayin shi ne daidai inda jiki ke fara jin canji, shi yasa nace nan zaka zauna kwana uku ko fiye kafin ka ƙara sama. Ranar farko kar kayi komai mai nauyi. Garin a jikin gangare yake, ko zuwa shago hawa ne, zakaga kana haki a 'yar tafiyar da ba komai ba, wannan ba ciwo bane, iskar ce tayi ƙaranci. Ka sha ruwa da yawa, ka yi barci.

Rana ta biyu ka hau fadar Baltit. Shekarunta sun kai kamar 700, nan sarakunan Hunza, waɗanda ake kira Mir, suka zauna har 1945 da suka koma sabon gida a ƙasa, ginin ya fara lalacewa sai gidauniyar Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya, ta gyara shi aka buɗe a 1996. Da ɗan jagora ake shiga, ƙofofin gajeru ne dole ka sunkuya, ɗakuna masu duhu da kafar hayaƙi a rufi, ga rumbunan hatsi, ga ɗan ramin kurkuku. Abin lura shi ne yadda aka yi bangon, dutse da laka ana ratsa su da katako a kwance hawa-hawa, wannan ke sa ginin ya yi lilo da girgizar ƙasa bai faɗi ba. Masarautar kanta ta ci gaba har 1974 da gwamnatin Zulfikar Ali Bhutto ta rushe ta. Daga saman fadar zakaga kwarin gaba ɗaya, Rakaposhi da Diran a gaba, Ultar mai mita 7,388 a bayanka.

Fadar Altit ta fi Baltit tsufa, tana kan wani dutse da ya miƙe tsaye a saman kogin Hunza, ƙasanta kuma tsohon ƙauye ne mai lunguna da tsofaffi zaune suna shan hantsi, mata da hulunansu masu ɗinkin hannu. A nan akwai mata da suka koyi aikin kafinta suna yi da hannunsu. Ƙauyen Ganish da ke bakin titi shima tsohon zango ne na fatake, da ƙananan masallatai na katako masu sassaƙa, yawanci mutane wucewa suke basu sani ba.

Amma abin da nafi so mutum yayi a Karimabad ba shi da tikiti. Ka tambayi inda hanyar ruwa take ka bi gefenta da ƙafa. Wurin nan ruwan sama kaɗan ne, duk koren da kake gani ruwan ƙanƙarar Ultar ne da kakanninsu suka yanko masa hanya a jikin dutse, yana zagaya gonaki hawa-hawa, kowace unguwa da ranar da ake buɗe mata. Ruwan toka-toka ne saboda garin dutsen da ke ciki, 'yan gari na sha amma kai baƙo ka tsaya a na roba ko dafaffe. In lokacin khubani ne, wajen Yuli da Agusta, zakaga an shanya shi a faifai a kan kowane rufi, launin ruwan lemo ko'ina, ba'a zubar da komai nasa, a ci naman, a fasa ƙwallon a ci na ciki ko a matse mai. Da yamma ka ɗauki mota zuwa Duikar, can sama da Altit, don faɗuwar rana, ko kuma da asuba wanda ya fi in zaka iya da sanyi.

Abinci: ka gwada chapshuro, wani burodi ne da ake cusa niƙaƙƙen nama da albasa a gasa, da miyar dowdo mai taliyar hannu, da shayi mai gishiri in zaka iya. Abincinsu ba yaji kamar na kudancin ƙasar. Zakaji ana cewa mutanen Hunza suna shekara ɗari da ashirin saboda abincin nan, ka ɗauke shi a matsayin labarin talla, a zamanin da aka fara yaɗa shi babu takardar haihuwa. Abin da yake na gaske shi ne karatu, tun 1946 aka fara buɗe makarantun Aga Khan a kwarin, yau da wuya ka ga yaro ko yarinya da basa zuwa makaranta, da yawa suna jin Turanci bayan harshensu Burushaski da Urdu.

Maganar sallah. Yawancin mutanen Hunza Isma'iliyya ne, wani reshe na Shi'a, ɗakin ibadarsu ana ce masa jama'atkhana kuma nasu ne su kaɗai, kar ka gan shi ka ɗauka masallaci ne ka cire takalmi ka kutsa. Ka tambayi mai masauki inda masallaci yake, musamman don Juma'a, ka riƙe 'yar dardumarka, kai matafiyi ne kana da sauƙin ƙasaru. Kuma ka bar musun aƙida, baƙunta kazo. A tsallaken kogi Nagar ce, 'yan Shi'a, can ne ake zuwa kwarin Hopar a ga kogin ƙanƙara daga sama, wato tarin ƙanƙara mai gangarowa a hankali tsakanin duwatsu, daga ƙauyen Minapin kuma ake tafiyar ƙafa zuwa sansanin gindin Rakaposhi, da kwana a hanya, ga mai ƙarfin gwiwa.

Mataki na shida: Gojal da iyakar Sin

Sama da Karimabad kaɗan zaka shiga ramukan da aka fafe cikin dutse, kana fitowa sai ga tafki shuɗi kamar an zuba masa shuni. Tafkin Attabad kenan, kuma asalinsa musiba ce: ranar 4 ga Janairu 2010 gefen dutse ya zaftaro ya binne ƙauyen Attabad, mutum 20 suka rasu, ƙasar ta toshe kogin, ruwa ya taru ya cinye gidaje da gonaki da kusan kilomita 20 na titin. Shekara biyar mutanen sama da kwale-kwale suke tsallakawa, har motoci a kansa ake ɗorawa, sai 2015 aka buɗe ramukan. Yanzu otal ne da jiragen shaƙatawa a bakinsa, ka shiga in kana so, da rigar ceto, amma ka san a kan gonakin mutane kake yawo.

Daga nan Gojal ce, Hunza ta sama, harshensu Wakhi. Ka kwana a Gulmit ko Passu, kar kayi zuwa da dawowa rana ɗaya daga Karimabad kamar yadda yawanci ke yi. Passu nan ne duwatsun nan masu tsini-tsini suke, Tupopdan, mita 6,106, hasken yamma in ya buge su sai su koma ja. Akwai tafkin Borith a sama da titi, daga can ana tafiyar ƙafa a leƙa kogin ƙanƙarar Passu, na Batura kuma mai tsawon kilomita 57 yana gaba kaɗan. Kar ka hau kan ƙanƙara ba jagora, akwai tsagogi masu zurfi da tsakuwa ta rufe. Gadar Hussaini, ta igiyar ƙarfe da katakai masu tazara a kan kogi, ita ce kowa ke ɗauka a bidiyo. In kana da jiri ko ana iska ka tsaya a baki ka kalla, ba wanda zai baka lambar yabo.

Sost ne gari na ƙarshe, nan kwastan da shige da fice suke. Daga can zuwa mashigar Khunjerab kusan kilomita 85 ne cikin gandun dajin da aka kafa 1975, ana biyan kuɗin shiga kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa. A hanya zaka iya ganin awakin dutse masu manyan ƙaho da yak, wani irin sa mai dogon gashi. Saman yana mita 4,693, ga ƙofar Sin, ga na'urar cire kuɗi da aka ce babu wadda ta kai ta tsayi a duniya, a nan ne kuma masu tsallakawa ke komawa tuƙin dama.

A nan dole in tsaya kan ciwon tsayi, don wannan ne wurin da yafi kama mutane. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, rashin barci, kuma baya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Ƙa'idar da likitocin tsaunuka ke bayarwa ita ce da zarar ka wuce mita 3,000 kar wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Khunjerab hawa ne a sauko, kar ka wuce rabin awa zuwa awa ɗaya a sama, kar kayi gudu ko tsalle don hoto. Wanda yake haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, ko tafiya tana tangaɗi, ko magana ta rikice, a sauko da shi nan take ko da dare ne, ba'a jiran safiya. Akwai maganin da ake kira acetazolamide da ke taimakawa wajen sabawa, amma likita zaka gani kafin ka baro gida, haka mai ciwon zuciya ko huhu ko mai juna biyu. Mai sikila kuwa maganar tsayi irin wannan ba abin wasa bace, sai da izinin likitansa.

Mataki na bakwai, ga mai so: Fairy Meadows

In ka gangaro daga Hunza ka wuce Gilgit kudu, a gadar Raikot ake sauka. Motarka a nan zata tsaya, jif ɗin mutanen wurin kaɗai ke hawa, farashi kuma ƙungiyarsu ta yanke. Hanyar zuwa ƙauyen Tato siririya ce a jikin dutse, ba shinge, taya na bin baki, rami a gefe har ba'a son kallo, wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Bazan ɓoye maka ba, akwai tsoro. Daga Tato sai ƙafa ko doki awa biyu zuwa uku, ka isa wani fili kore mai ɗakunan katako a mita 3,300, Nanga Parbat mai mita 8,126 tsaye a gabanka. Hermann Buhl ɗan Ostiriya ne ya fara kaiwa samansa a 1953, shi kaɗai a zangon ƙarshe. Na sa wannan bayan Hunza da gangan, saboda wanda ya taso daga Chilas kai tsaye ya kwana a nan yakan kwana da ciwon kai. Wannan gundumar Diamer ce, mutanenta masu riƙo da al'ada ne sosai, ba'a ɗaukar mata hoto ko daga nesa, 'yan uwa mata kuma a yi shiga mai rufe jiki da mayafi. Wani lokacin 'yan sanda na haɗa baƙo da ɗan rakiya, ka karɓa kawai.

Mataki na takwas: Baltistan

In kwanakinka basu kai goma ba, ka tsaya a Hunza ka bar wannan sai wani zuwan, da ka raba su biyu ka ƙare rabin hutun a cikin mota. In kuwa kana da sati biyu, daga kusa da Jaglot titin Skardu ke ballewa, kamar kilomita 170 cikin matsatsin kwazazzabon Indus, an gyara shi yanzu amma duwatsu na faɗowa in anyi ruwa.

Skardu tana wajen mita 2,200 a wani faffaɗan kwari mai yashi, mutanenta Balti ne, harshensu dangin na Tibet. Ka hau ganuwar Kharpocho da safe kaga inda Indus ke malala cikin fari fat ɗin rairayi, ka je tudun yashin Katpana, ga dusar ƙanƙara a saman duwatsu ga hamada a ƙasa. Cikin tafkunan Kachura biyu, na ƙasa mai jajayen rufi shi ne na hoto, na sama shi ne na zama. Kar ka sa ran ganin K2 daga gari, ba'a ganinsa, sai an tafi Askole an taka kogin ƙanƙarar Baltoro zuwa Concordia, tafiyar wajen sati biyu.

Shigar bata da nisa, fadarta ta ƙarni na 17 an mayar da ita otal da gidan tarihi, ga masallacin Amburiq na katako da laka. Amma ni Khaplu nake turawa mutane, kusan kilomita 100 gabas a bakin kogin Shyok. Fadarta ta 1840 ce, mai baranda ta katako da aka sassaƙa, sama da ita kuma masallacin Chaqchan wanda ake cewa tun 1370 yake, ana jingina shi ga Mir Sayyid Ali Hamadani, malamin da ya yaɗa Musulunci a Kashmir. Gini ne na katako da aka jera aka cike da laka, zanensa ya haɗa hannun Tibet da Farisa da Kashmir. Yawancin mutanen garin mabiya ɗariƙar Nurbakhshiyya ne, ka nemi izini kafin ka shiga. Daga Khaplu jif na shiga kwarin Hushe har gindin Masherbrum.

Deosai ka barshi ƙarshe saboda tsayinsa, fili ne shimfiɗaɗɗe sama da mita 4,000, ba itace ko ɗaya, an mayar da shi gandun daji a 1993 don kare beyar mai ruwan ƙasa ta Himalaya. Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ake shiga, da jif, furanni a Yuli amma da sauro masu yawa, abin mamaki a wannan sanyi. Zaka iya zuwa tafkin Sheosar ka dawo Skardu, ko ka zarce ta Chilam ka sauka Astore ka koma babban titi ta can, wanda ke hana ka maimaita hanya.

Komawa

Ko ta ina zaka fita, ka bar kwana biyu a Islamabad tsakanin ranar da kake sa ran isa da ranar jirginka na barin ƙasar. A watan Mayun 2022 ruwan da ya ɓalle daga ƙanƙarar Shishper ya tafi da gadar Hassanabad da ke kan babban titin a Hunza, ƙananan zaftarewa kuwa da ke tsayar da motoci awa biyar ko kwana guda kusan kullum ne a lokacin ruwa. In ka sayi tikitin jirgi daga Skardu ko Gilgit, ka karɓi lambar wani direba tun da wuri, ranar da aka soke tashi kowa mota yake nema kuma farashi a take yake hawa. Busasshen khubani da man ƙwallonsa a kasuwar Aliabad ko Skardu zaka saya, ka ɗanɗana kafin a auna, ka sa a ɗaure maka man da leda biyu kafin ya shiga jaka.